Injin jefa kwandala a ƙasar da kwandala ba ta sayen komai

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin injunan wasa ne, irin waɗanda sai an jefa musu kwandala suke tashi: dokin yara mai sukuwa a wuri ɗaya, ƙaramar mota mai jijjiga, akwatin gem, da injin nan mai farce da ke cafko 'yar tsana. A cikin birnin Katsina nake. Ta ƙofar gyaran rediyo da talabijin na shigo, kuma yawancin waɗanda na sani a harkar haka suka shigo. Masu wuraren wasan yara su kawo fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa inji, da ya ƙone a gyara, gobe su ce a nemo musu wani, jibi a yi dillanci a karɓi la'ada, har mutum ya tara ɗan jarin da zai sayi nasa. Da wannan sana'a na yi aure, da ita nake ciyar da iyali, alhamdu lillahi. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne matasan da ke shigowa shago duk gabanin Sallah da kuɗin adashi a aljihu, sun ga hoton inji a Facebook, suna jira a ce musu su saya.

Duk waɗannan injuna an ƙera su ne don ƙasashen da tsabar kuɗi ke sayen abu. Tamu ta daɗe da mutuwa a kasuwa. Babban Bankin Najeriya ya fito da sababbin tsabar kwabo 50, naira 1 da naira 2 a 2007, har yau doka ta san da su, amma je ka miƙa wa mai ƙosai a Ƙofar Ƙwaya ka ga kallon da za ta yi maka. A 2012 an yi yunƙurin mayar da naira 5, 10 da 20 tsaba, jama'a suka yi ca, aka jingine maganar. Don haka babu injin da zai sauka daga kwantena ya kama aiki a nan yadda ya zo. Dole a juya shi ya koma karɓar tokin, kwandalar wasa da mai wuri ke sayarwa a bakin ƙofa. Farashin tsohon inji a wurina ba daga fentinsa yake fitowa ba. Abu uku nake lissafawa: nawa zan kashe ya karɓi tokin, nawa zan kashe ya zauna lafiya da wutarmu, kuma in wani abu ya mutu a cikinsa, a Kano zan same shi ko sai an aika Legas.

Kayan ta hanya uku suke zuwa mana. Akwai na gwanjo daga Ingila da Amurka, waɗanda ke sauka Legas, a same su wajen Alaba. Na Ingila sun yawaita bayan 2017, shekarar da suka janye tsohuwar kwandalar fam ɗaya suka kawo mai kusurwa 12, domin masu tsofaffin injuna da yawa sun ga sayar da su ya fi canza musu makarɓar kwandala sauƙi. Akwai 'yan Chana, yawanci daga yankin Panyu na birnin Guangzhou, da manyan kantuna da wuraren shaƙatawa na Kano da Abuja da Kaduna ke sayowa sababbi, su mora, su sauke mana. Sai na gida: otal ko makaranta ko wurin wasa da ya rufe, injin na jibge a sito ƙura ta rufe shi. Na gida sun fi araha, sun fi kuma ɓoye ciwo, saboda zama ya fi aiki kashe inji.

Kafin ka bari a jona komai da wuta, zagaya baya ka karanta farantin da ke manne a jiki. Wutarmu bolt 230 ce, zagaye 50 a daƙiƙa. Ɗan Ingila da ɗan Chana da ita suka saba. Ɗan Amurka kuwa bolt 110 zuwa 120 yake ci, zagaye 60, ɗan Japan 100. Yaron shago ya cusa filogin ɗan Amurka a soket ɗinmu sau ɗaya ya isa. In an yi sa'a fis ne zai tafi, in ba a yi ba har taransifomar ciki. Ana sa masa taransifoma mai rage wuta, a zaɓi wadda ƙarfinta ya ninka abin da farantin ya rubuta. Amma a sani, bolt kawai take ragewa, ba ta taɓa zagayen wutar. Fanel da fitilu ba ruwansu da wannan. Motar lantarkin da ke juya injin ce ke wahala: wadda aka naɗa don zagaye 60, in ta sha 50, gudunta zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, ta riƙa ɗaukar zafi fiye da kima. Haɗa wannan da bazarar Katsina, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ga dalilin da ya sa nake rage tayi sosai a kan dokin Amurka, domin na san wata rana sai an kai motarsa wurin mai naɗin koyil ko an canza ta ɗungurungum.

Yanzu makarɓar kwandala, inda rabin aikin yake.

Iri uku za ka tarar. Ta farko ta ƙarfe ce zalla, ba ta cin wuta: kwandala ta gangara, wani ɗan ma'auni ya gwada faɗinta da nauyinta, maganaɗisu ya kama ta in baƙin ƙarfe ce, in ta wuce ta taɓa wani siririn maɓalli a ƙasa. Ita ce a yawancin 'yan Amurka, an yanka ta daidai da kwandalarsu ta santi 25, mai faɗin milimita 24.26. Tana da ƙarko, sai dai ba ta jin magana. Ko ka nemo tokin daidai girman, ko ka kwance ta ka ajiye. Ni kwancewa nake yi.

Ta biyu ita ce mai kwatantawa, kuma ita nake sa wa kusan duk injin da zai zauna a Katsina ko Daura. A gefenta akwai wani ɗan maƙali mai sifirin. Ka ja shi baya, ka saka tokin ɗinka guda ɗaya ya zauna a ciki, shi ke nan. Duk abin da aka jefa, za ta gwada shi da wannan samfurin. Ya yi daidai ya wuce, bai yi ba ya faɗo waje. Bolt 12 take ci. Wayoyinta huɗu: ta wuta, ta ƙasa, ta saƙon da ke gaya wa fanel an biya, da ta mitar ƙirga. Kada ka bi launin waya, kamfanoni ba su haɗu a kan launi ɗaya ba, rubutun da ke jikin makarɓar za ka bi. Akwai ƙananan makunnai biyu a bayanta. Ɗaya an rubuta NO da NC. In ka ajiye shi a inda fanel bai so ba, ko dai injin ya haɗiye tokin ya yi shiru, ko ya riƙa kukan matsala tun daga kunnawa. Ɗayan na tsawon saƙo ne, gajere, matsakaici ko dogo. Tsofaffin fanel ba sa jin gajeren saƙo, su ne za ka ga an jefa tokin biyar sun ƙirga uku. Mayar da shi dogo, magana ta ƙare. Sai wani ɗan sukuru na tsanani. Ka matse shi da yawa ta ƙi tokin ɗinka da ya ɗan goge, ka sake shi da yawa ta karɓi washar bakanike. Yadda ake saita shi: ɗebi tokin 20, sababbi da tsofaffi a gauraye, ka haɗa da washa biyu da tsohuwar naira ɗaya da kwandalar sefa. Ka riƙa juya sukurun kaɗan kaɗan har tokin 19 ko 20 su wuce, baƙin nan kuma duka su dawo.

Ta uku ita ce mai ƙwaƙwalwa, kamar CH-926, wadda ke iya haddace kwandala iri shida. Ana danne maɓallan ƙari da ragi tare har harafin A ya fito a ɗan allonta, sannan a bi haruffa: E yawan nau'in kwandala, H yawan samfurin da za a ba ta, P yawan saƙon da kowace za ta aika, F tsanani. Samfuri 15 zuwa 20 ake jefa mata na kowane nau'i, kuma kada su zama sababbi fil duka, in ba haka ba za ta ƙi waɗanda suka sha hannu. Wannan sai in injin Nijar za shi. Can tsabar sefa na da rai, dala ashirin (sefa 100) da dala ɗari (sefa 500) duk suna sayen abu, mai inji a Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar tokin ko yaron da zai zauna sayar da shi. Shi ya sa mutanen Nijar ke cikin manyan masu sayenmu, ta Jibiya ko ta Kwangwalam, kuma shi ya sa rufe iyaka na 2019 zuwa ƙarshen 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, suka bar mutane da yawa da kwantai.

Makarɓa ba ta ganin zanen da ke jikin tokin. Girmansa da irin ƙarfensa take ji. Mutum zai kashe kuɗi a buga masa sunan wurinsa a tokin, alhali faɗinsa milimita 25 ne irin na maƙwabcinsa, ƙarfen ma ɗaya. Yara kuwa sun fi kowa saurin gano inda tokin ya fi araha; su saya can, su zo su hau dokinka. Kafin ka yi odar tokin, zagaya wuraren wasan garin ka sayi nasu ɗaya ɗaya, ka zaɓi girma ko ƙarfen da ba kowa ke da shi ba. Ka sayi da yawa tun farko, 500 ko 1,000, domin suna bin aljihun yara gida ba sa dawowa. In makarɓa ta fara tofar da tokin na gaskiya, kafin ka zarge ta duba abu uku: ƙurar hunturu a kan idanunta, bolt 12 ɗin ko ya faɗi, da tsayuwar injin, domin in ya karkace tokin ba ya gangara daidai. Tsumma da sifirit ake goge hanyar. Mai ko giris ba sa shiga wurin ko kaɗan, ƙura suke kamawa su zama laka.

Dokin yara da motar yara su ne kasuwar da ta fi tafiya a wajenmu, su ne kuma aka fi yi wa kwalliyar yaudara. Gangar jikin faiba ce, mai fenti zai mayar da ita sabuwa da yamma ɗaya. Mai sayen rago a kasuwar Mai'aduwa baki yake buɗewa ya duba haƙora, to haka za ka sa a kwance murfin gindin. Mai kaya zai ce, "Haba Malam, ba ga shi yana rawa ba?" Ka ce, "Na gani Alhaji, a dai buɗe mani ƙasan." Ka haska tocila. Baƙin gari a ƙarƙashin fuli alamar bel na cinyewa ne. Danshin mai a jikin giya, sil ya tafi. Kama hannun da ke ɗaga dokin ka girgiza. In yana ƙwas ƙwas, boris ya mutu ko ramin ya faɗaɗa, na biyun sai mai walda. Duba inda faiba ta haɗu da ƙarfe, wurin kusoshi huɗun nan, can take tsagewa, kuma tsagar ba ta fitowa ta sama. Kashin ɓera a kan akwatin sarrafawa na nufin sai ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka a ɗora nauyi. Doki ba kowa a kansa ko mai mataccen kafasito zai yi sukuwa. A ɗora buhu mai nauyin kilo 25 ko 30, a jefa tokin sau biyar a jere. In motar ta yi gurnani ba ta tashi ba sai an tura, kafasito ne, abu mai sauƙi. In ta tashi amma bayan zagaye na biyar ba ka iya ajiye tafin hannu a jikinta, ko kana jin ƙaurin koyil, cire kuɗin mota daga tayinka.

Abin da ba na sassauci a kai shi ne wayar atin, wadda ke kai wutar da ta zubo cikin ƙasa. Gindin ƙarfe ne, yaranmu da yawa ba takalmi suke hawa, gidaje da shaguna da yawa kuma ba a ja musu atin ba. A kafa sandar atin a ƙasa, a ɗaure gindin da ita, a sa bireka mai yanke wuta da zarar ta zubo, ta miliam 30. Wanda ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, ba na sayar masa. Sitabilaiza mai jinkirin tashi ma dole ce, domin lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta ne akasarin fanel ke ƙonewa. Waƙar da ke ciki a katin memori take a yawancin 'yan Chana. A canza ta da abin da iyaye a nan ba za su ɗaure fuska in sun ji ba.

Akwatin gem kuwa, fara da katakon. Yawancinsu garin katako ne aka matse, in ruwa ya taɓa gindin sai ya kumbura ya riƙa marmashewa, gara kuma ta ƙarasa. Ciki, in ka ga doguwar mahaɗa mai haƙora 56, 28 kowane gefe, wannan tsarin JAMMA ne da kamfanonin Japan suka tsayar tun tsakiyar shekarun 1980, kuma alheri ne: ko fanel ɗin ya mutu, ka zare ka cusa na zamani mai ɗauke da wasanni barkatai, irin Pandora's Box. Akwatin wutarsa yana ba da bolt 5 da 12, yana da ɗan abin murɗawa. A bakin fanel ake aunawa, ba a bakin akwatin wutar ba, a tsayar tsakanin 5.0 da 5.1. Ya yi ƙasa, wasa ya riƙa sake tashi da kansa. Ya wuce 5.25, kana dafa fanel. Maɓallai da sandar sarrafawa ƙananan makunnai ne a ƙarƙashinsu, canza su ba wuya. Tsohon gilashi mai ƙeya shi ne abin tsoro: yana aiki da bolt sama da 20,000, yana kuma riƙe wuta bayan an kashe shi. Wanda bai yi gyaran talabijin ba kada ya sa hannu. Galibi cire shi muke yi mu sa shafaffen allo, da ɗan fanel mai juya hoto irin GBS-8200 a tsakani in tsohon fanel ne.

Injin farce yana da mota uku a kan gadarsa ta sama, gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, kowace da makunnin da ke gaya mata ta kai ƙarshe. Ciwonsa sananne ne: zaren ya tsinke ko ya naɗu a juye, makunni ya maƙale, ko koyil ɗin farcen ya ƙone. Duk masu sauƙi ne. Mai nauyin yana cikin saitinsa. Yawancin fanel ɗinsu ana iya gaya musu su riƙe da ƙarfi sau ɗaya kawai a cikin wasa kaza, sauran su saki kayan a hanya. Yaro na ganin hannunsa ne bai iya ba, alhali lissafi ne aka ɗaura masa. A ganina wannan caca ce da rigar wasa, kuma cin kuɗin yara ne. Da yawansu suna da wani saitin da ke barin yaro ya yi ta gwadawa har sai ya ɗauka. A sa wannan, a zuba kayan da kuɗinsu ya yi daidai da tokin, ya zama ciniki. Kalo-kalo, injin caca, kuma ko kyauta aka ba ka kada ka ɗauko. Ban da haramcinsa, Katsina na da hukumar Hisbah, unguwa ma ba za ta bar ka ba.

Injin sayar da lemo da biskit, mai gilashi da ƙarafa masu murɗawa, kowa ya gan shi sai ya yi sha'awa. Ba na ba sabon shiga shawarar sa. Na lemo yana son wuta dare da rana saboda kwamfiresa. Makarɓar takardar kuɗinsa sai an sa mata manhajar naira, ga takardunmu sun sha jiki, ga wasu na leda wasu na takarda, ga sauyin fasalin 200, 500 da 1,000 da aka yi a ƙarshen 2022. In dole sai ka ajiye yaro ya sayar da tokin kafin a sayi lemo, to firiji da yaron sun wadatar.

Ciniki yana da lokaci. Daga Sha'aban zuwa ƙarshen azumi farashi sama yake, kowa na son ya kafa kafin hawan Sallah. Bayan Babbar Sallah masu wuri ke sakin kaya, lokacin ake saye. Mutanen Daura suna da ƙarin kasuwa a Sallar Gani, don haka su ba sa saurin saki. Musaya ta fi saye da tsabar kuɗi yawa a tsakaninmu, domin yaran unguwa na gajiya da doki ɗaya: ka ba da doki ka karɓi mota, a yi ciko. A musaya kowa ya kunna nasa a gaban ɗan'uwansa, a faɗi aibin da aka sani, kada a bari sai an kai gida. Kafin alƙalami ba ya fita a kan bidiyo. Bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp ba ka san ranar da aka ɗauke shi ba. In nesa ne, a kira ka kai tsaye, a jefa tokin kana kallo, a nuna maka mita tana motsawa. Mitar ma kada ka ɗauke ta shaidar shekaru, ana canza ta da sukuru biyu. Goguwar wurin zama da ta bakin makarɓa sun fi ta gaskiya. Injin da ba makulli, ba rasit, mai shi kuma yana gaggawa, bar shi. Araha ba ta ado, kuma kayan sata in an biyo sawu a hannunka za a tsaya. In an sallama, a rubuta takarda da lambar jikin injin, sunan mai sayarwa, shaidu biyu, da la'adar dillali da wanda zai biya ta. Ka canza makullai ranar da ya shigo hannunka, domin irin makullin nan mai zagayen baki sau da yawa ɗaya yana buɗe injuna da dama na kamfani guda.

Wajen ɗauko shi, a cire akwatin tokin da duk abin da ke lilo, akwatin gem a tsaye yake tafiya ba a kwance ba, a ɗaure gadar injin farce da igiya kada ta yi ta kai da kawowa a hanyar Kano.

In ba ka da wuri, ana ajiye inji a shagon wani ko wurin shan ayis kirim a raba abin da ya shigo, rabi da rabi ko 60 da 40, gwargwadon wanda ke biyan wuta da man janareta. A fayyace wannan tun ranar farko, a rubuce. Ranar lissafi lamba uku ake haɗawa: abin da mita ta ƙara tun zuwan baya, tokin da ke cikin akwati, da kuɗin da ke hannun mai sayar da tokin. A ce mita ta ƙara 300, akwati ya ba da 300, to kuɗin tokin 300 ake nema. In mita ta fi akwati, ko ana buɗe akwatin a sake sayar da tokin, ko ana taɓa wayar saƙo a ba da hawa kyauta. In akwati ya fi mita, mitar ce ke tsallake ko saƙon ya yi gajere. Makullin akwatin tokin yana wurin mai inji, na ƙofar gyara kaɗai ake bar wa mai shago.

Injin da gyaransa ya kai rabin kuɗin wani mai lafiya, ba a gyara shi, ba a kuma miƙa wa 'yan gwangwan shi ɗungum. A kwance makarɓa, mita, akwatin wuta, mota, giya, lasifika da makullai, a sa kowanne a leda a rubuta daga injin da ya fito. Gangar faibar in ba ta tsage ba tana hawa wani gindin, sai dai a sake huda ramukan kusoshi. Ƙarfen da ya rage shi ake kai wa sikeli.